Motar da ke tashi da asuba, ta ƙi tashi da azahar

Wata huɗu na yi ina fama da wata matsala a motata, wadda duk wanda na kwatanta wa sai ya ce ya san maganinta, kuma kowane magani sai da na biya kuɗinsa kafin na gane ba shi ba ne. Motar tsohuwa ce mai amfani da man gas, wato dizal, doguwa, 'yar tokunbo, injinta lita 1.9 ne mai tobo, kuma shekarunta sun haura ashirin. Da ita nake ɗauko albasa da busasshen barkono daga kasuwar Mile 12 zuwa shagona da ke Agege, sau uku ko huɗu a mako. Da asuba, ko da ta kwana biyu a ajiye cikin ruwan damina, murɗa makulli ɗaya ya ishe ta tashi. Amma idan na bi ta Ogba da Ojota da Ketu na isa kasuwa na kashe ta, na dawo bayan minti goma ko ashirin, sai kik, wato na'urar da ke tayar da mota, ya yi ta juya injin har tsawon daƙiƙa goma sha biyar ba tare da ta kama ba, wani lokaci sai a yunƙuri na uku. Idan kuwa na bar ta ta yi awa biyu, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Wanda bai san Mile 12 ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Wuri ne da manyan motoci daga Kano da Sakkwato da Jos ke sauke kaya, kuma duk taku ɗaya na fili yana da mai jiransa, saboda haka idan motarka ta tsaya a bakin hanyar shiga, cikin minti biyu za ka sha zagi da harsuna uku. Sau da yawa 'yan dako ne suka tura ni, har ta kai suna tambayata tun kafin a gama lodi ko yau ma akwai turi. Da turi kuwa nan take take tashi, ko taku biyar ba a yi. Na koma ba na kashe ta idan na tsaya sallar la'asar a hanya, sai in bar yarona a ciki tana aiki, alhali a lokacin litar gas ta haura naira dubu.

Abin da ya kamata in fara fahimta, wanda sai daga baya na fahimta, shi ne yadda injin gas ke kama wuta. Ba shi da filogin tartsatsi irin na injin fetur. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda ninki goma sha shida zuwa sama da ashirin, matsar ta sa iskar ta yi zafin da ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, sannan nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Ke nan babban abokin gabar injin gas shi ne sanyi, domin ƙarfen silinda mai sanyi yana shanye zafin iskar kafin mai ya iso. Saboda haka ne aka sa masa hita filog mai ɗumama cikin silinda kafin tashi, kuma saboda haka ne injin da ringinsa suka cinye yake wahalar tashi da safe, ya sauƙaƙa idan ya ɗumama. Motar da ke tashi da sanyi ta ƙi da zafi ta juya wannan ƙa'ida baibai, kuma wannan kaɗai ya isa ya wanke hita filog daga zargi, ya kusa wanke ringi ma.

Duk da haka, hita filog huɗu ne abu na farko da aka sa na saya. Bakaniken farko bai ko jira motar ta yi zafi ba, yana jin na ce injin gas ba ya tashi ya yanke hukunci. Na biyu ya ce batir ne, na sayi sabo, kuma gaskiya an samu sauƙi na kusan mako biyu kafin abin ya dawo. Wannan sauƙin na ɗan lokaci babbar alama ce, amma ni da bakaniken babu wanda ya karanta ta. Filtar mai ma an canza, wannan kam ban yi baƙin cikinta ba, domin dama lokacinta ya yi.

Wanda ya fi ruɗa ni shi ne wani matashin rewaya, wanda ya nuna mini abin da na ɗauka hujja ce da ba ta da ja. Motar na da zafi ta ƙi tashi, sai ya zare soket na sensar zafin ruwa, ya ce in murɗa makulli. Fitilar hita ta daɗe a kunne kamar muna cikin hunturun Jos, kuma da taɓa kik motar ta tashi. Ya mayar da soket, ta sake ƙi. Ya ce sensa ce ta mutu, ni ma na yarda, domin idona ya gani. Na aika kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo aka sayo sabuwa aka ɗaura, washegari a Mile 12 sai ga ni a hannun 'yan dako kamar kullum. Daga nan ne mai gyaran injekta ya ce babu makawa sai an sauke famfon mai an buɗe shi, ya faɗi kuɗin da ya kai kusan ribar wata guda, wani kuma ya ba ni shawarar a cire tamostat, mai daidaita zafin ruwan injin, a jona fanka kai tsaye da batir domin injin ya daina zafi gaba ɗaya. Wannan shawara ta ƙarshe ta zama ruwan dare a garejin Legas, kuma ina ganin ba ta da kyau: injin an ƙera shi ne ya yi aiki a kusan digiri 85 zuwa 90, idan an hana shi kaiwa can sai ya ƙara shan mai ya tara baƙin hayaƙi, cutar kuma tana nan a ɓoye.

Wani abokina direban motar shanu a Oko-Oba ne ya tura ni wurin wani dattijo ɗan Zariya da ke da rumfa a bayan titin jirgin ƙasa na Agege, wanda ya tsufa a kan injinan gas amma yana da ɗansa mai riƙe na'urar gwajin kwamfuta. Na je masa da hantsi, motar a sanyaye, ya saurare ni har na gama sannan ya ce, "Alhaji, yanzu lafiyarta ƙalau, me zan gani? Je ka yi aikinka, ka kawo mini ita da zafinta, ka kashe ta a nan gabana, mu zauna mu sha shayi na minti goma sha biyar." Na ce, "Baba, me ya sa sai an jira, ba a gwada ta nan take ba?" Ya bayyana mini cewa lokacin da injin ke aiki ruwa yana zagayawa, iska tana kaɗawa, mai sabo mai sanyi yana shigowa daga tanki. Da zarar an kashe shi duk wannan ya tsaya, sai zafin da ke cikin ƙarfen injin da tobo da bakin salansa ya bazu ya ratsa kik da famfon mai da sensosi da wayoyi. Abubuwan da ke ƙarƙashin bonet sun fi zafi bayan minti goma zuwa talatin da kashewa fiye da lokacin da motar ke gudu, kuma daidai wannan tazara ce motata ke yin taurin kai.

Da muka gama shayin, ya tsayar da yaronsa a bayan mota ya ce ya kalli salansa, shi kuma ya tsaya a gefen injin, ni na murɗa makulli. Hayaƙi yana raba matsalar gida biyu. Idan farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana fita yayin da kik ke juyawa, to mai yana shiga silinda amma ba ya ƙonewa, sai a duba lokacin feshi, ko matsin iska, ko bawul da suka matse, domin a injinan da ake saita bawul da hannu, idan tazarar ta yi kaɗan, ƙarfe na kumbura da zafi ya hana bawul rufewa sosai. Idan kuma babu hayaƙi ko kaɗan, to mai bai iso ba, ko an hana shi isowa. Yaron ya ce babu komai, sai a daidai lokacin da ta kama ne wani ɗan gajimare ya fita.

Daga nan ya bi hanyar mai. Ya cire guntun tiyon da ke tsakanin filta da famfo ya sa wani mai haske wanda ake ganin cikinsa, domin idan iska na shiga ta wani tsagaggen tiyo ko robar filta, za a ga kumfa na wucewa, ko a ga mai na komawa baya bayan an kashe injin. Ba a ga kumfa ba, kuma ya ce dama bai sa rai ba, domin matsalar shigar iska ta fi bayyana bayan mota ta kwana, ba bayan minti goma ba.

Sai famfon, wanda shi ne na fi jin tsoro, kuma a nan ne mai injekta yake da gaskiyarsa a ƙa'ida, ko da yake bai gwada komai ba kafin ya faɗi kuɗi. Famfon irin na motata yana da sandar ƙarfe guda ɗaya da ke matsa mai tana raba wa silinda huɗu, kuma tazarar da ke tsakaninta da ramin da take motsi a ciki ba ta wuce 'yan kaso kaɗan cikin dubu na milimita ba. Babu wani baƙin mai da ke shafa ta, gas ɗin da kansa ne ke yin wannan aiki. Shi ya sa gas ɗin 'yan bumburutu da aka gauraya da kananzir, ko mai ruwa a ciki, yake cinye famfo a hankali. Idan tazarar ta buɗe, da sanyi gas yana da ɗan kauri sai ya toshe giɓin, famfo ya tara matsin da ya haura bar 100 (bar ma'aunin matsi ne) wanda zai buɗe nozul. Da zafi kuwa gas ya tsinke, sai ya riƙa zurarewa ta gefen sandar, musamman a juyin kik da ba shi da sauri, matsi ya kasa kaiwa. Gwajin wannan tsoho ne: ana zuba ruwa a hankali a kan kan famfon, inda bututun ƙarfe huɗu ke fita, na minti ɗaya ko biyu, sannan a gwada. Idan ta tashi nan take, famfo ya kama kansa. Dattijon ya ja kunnena cewa ruwa mai ɗumi ake amfani da shi, ko wanda ya sha rana a jarka, ba ruwan leda daga firij ba, domin sanyaya ƙarfe mai zafi farat ɗaya yana iya sa ramin ya ƙanƙance ya riƙe sandar, a tashi daga gyara a koma sayen sabon famfo. Mun sake ɗumama motar, mun jira, mun zuba, babu abin da ya canza. A nan na ji numfashina ya sauka.

Lokacin ne ɗansa ya jona na'ura, kuma abin da ya duba ba jerin lambobin laifi ba ne kawai, domin babu ko ɗaya. Ya buɗe wurin da ake ganin abin da kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, take karantawa a daidai wannan lokaci. Zafin ruwa ya nuna digiri 88, wanda ya dace da gaskiya, ke nan sensa ba ta yi ƙarya ba. Sai ya ce in murɗa, ya sa ido a kan saurin juyin injin. Lambar ta fito, wanda ya nuna sensar kiranshaf, mai ƙirga juyin injin, na aiki. Wannan sensa tana cikin manyan masu laifi a matsalar zafi, domin a cikinta akwai siririyar waya da aka naɗe, idan ta tsufa takan rabu da zafi ta sake haɗuwa da sanyi, kuma idan kwamfuta ba ta ga injin na juyawa ba, ba za ta saki mai ba, galibi sai ta ajiye lamba P0335. Tawa lafiyarta lau. Amma lambar da ta nuna ita ce juyi 200 a minti, tana ɗan sauka tana ɗan hawa.

Dattijon ya ce, "Alhaji, ga ɓarawon." Na ce ni a kunnena kik yana juyawa yadda ya saba. Ya ce ai shi ya sa, domin shekara da shekaru yake raguwa kaɗan-kaɗan, kunnena yana sabawa da shi. Sannan ɗansa ya warware mini abin da ya faru a wurin rewaya. Kwamfutar irin waɗannan injina tana lissafa man da za ta bayar na tashi ne da abu biyu, zafin ruwa da saurin juyi. Idan injin na da sanyi takan saki mai da yawa ko da juyin ya yi rauni. Idan yana da zafi kuwa takan yi rowa, ba ta ba da isasshen mai sai juyin ya kai wajen 250 a minti. Zare sensa bai nuna cewa sensar ta mutu ba. Abin da ya yi shi ne yaudarar kwamfuta ta ɗauka ana tsananin sanyi, ta buɗe hannu, ta rufe asirin kik mai rauni. Haka nan sabon batir ya ɗan ɗaga juyin na mako biyu, haka nan turin 'yan dako a giya ta biyu yake juya injin da saurin da kik ya kasa. Duk alamomin suna nuna wuri ɗaya tun farko. Akwai ma wata da ta fi su sauƙi: injin mai zafi ya kamata ya fi mai sanyi saurin juyawa, tun da baƙin mai ya tsinke, saboda haka idan sautin kik da rana bai fi na asuba kuzari ba, akwai lauje cikin naɗi.

Saura a san ko kik ɗin ne, ko wutar da ke zuwa masa. Batir lafiyayye yana nuna volt 12.6 a zaune, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 9.6 ba yayin da kik ke ja. Nawa ya tsaya a 10.4, to ba shi ba ne. Sai suka ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir na baya, wato mai alamar ragewa (-), ɗaya a jikin injin, na murɗa. A waya lafiyayya abin da ke ɓacewa a nan bai kamata ya wuce volt 0.2 ko 0.3 ba, tawa ta nuna 0.8. Kik na injin gas yana jan wutar da ta kai amfiya ɗaruruwa, saboda haka ɗan tsatsa da ba zai hana fitila ko rediyo aiki ba yana iya cinye kusan volt guda a hanya. Ga kuma jan ƙarfen da ke cikin waya da naɗin kik, wanda juriyarsa ga wuta ke ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a kowane digiri 10, wato kik da ya jiƙa da zafi ya riga ya yi asarar wani kaso na ƙarfinsa tun kafin a zo maganar tsufa. Suka ɗauko wayar jona batir suka haɗa kan batir na baya kai tsaye da jikin injin, juyin ya hau 230, motar ta tashi da ɗan jinkiri. Da aka kwance wayar at, wadda ke haɗa batir da jikin mota da injin, sai ga cikinta ya yi kore, rabin silin sun tsinke a ƙarƙashin roba. Iskar Legas mai laima da gishiri da ruwan da muke kutsawa a damina ba sa barin irin wannan waya ta yi tsawon rai.

Kik ɗin ma da aka sauke aka buɗe bai fita da hannu wanke ba. Bushin ya cinye har amecha, wato sandar da ke juyawa a cikinsa, tana gogar jikin gidanta, burushi sun gajarce, ƙurar kabon ta haɗu da mai ta zama kamar kwalta. Aka canza bushin da burushi, aka wanke, aka yanko sabuwar waya mai kauri aka matse mata kai. Bayan an ɗumama motar an sake jira, na'urar ta nuna 290, kuma ban gama sakin makulli ba ta kama. Kuɗin aikin duka bai kai na batirin da na saya ba.

Ga masu sababbin motocin gas, waɗanda ke da bututun matsi guda da ke ciyar da dukkan injektoci, tsarin da ya shigo ƙananan motoci a 1997, matakan farko duk ɗaya ne, amma akwai lamba ta uku da za a duba, wato matsin man da ke cikin bututun yayin da kik ke juyawa. Kwamfuta ba ta buɗe injekta sai matsin ya kai wajen bar 200 zuwa 300, gwargwadon injin, kuma injekta ɗaya da ta cinye tana iya zubar da mai ta tiyon komawa tanki har matsin ya kasa taruwa idan gas ya yi zafi ya tsinke. Wani lokaci lamba P0087 takan fito, wani lokaci ba ta fitowa. Ana gane mai laifin ne da ƙananan kwalabe huɗu da aka jona da tiyon komawa na kowace injekta, a kunna injin, a ga wadda ta riga sauran cika nesa ba kusa ba. Abin da ba a yi a irin wannan injin shi ne sassauta bututun ƙarfe don a ga ko mai na zuwa, kamar yadda aka saba a tsofaffin motoci, domin matsinsa a lokacin aiki yana iya haura bar 1,500, kuma feshin yana huda fata. Haka kuma, a kowane irin injin, kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar ba tare da an ba shi hutun rabin minti ko fiye ba, kuma kada a tura tsumma mai fetur a bakin iska. Ni kaina ina zargin cewa dogon murɗin da na yi ta yi a wata huɗun nan ya ƙarasa abin da shekaru suka fara a cikin kik ɗina.

Kafin in bar rumfar na roƙi ɗan dattijon ya gwada mini tsohuwar sensar da rewaya ya cire, wadda ke cikin akwatin gaban mota tun ranar. Irin wannan sensa juriyarta tana sauka idan zafi ya hau, daga wajen ohm 2,500 a digiri 20 zuwa wajen 300 a digiri 80. Ya tsoma bakinta a cikin butar shayin da aka sauke daga wuta, ya ɗora mita, lambar ta yi ta sauka sannu a hankali ba tare da tsalle ba, har ta wuce 300 ta tsaya a ƙasa da shi kaɗan. Ya goge ta da tsumma ya miƙo mini, ya ce in adana ta, domin ta fi wadda aka sayo mini inganci.